Saƙon Baba Zuwa Ga Ɓarawon Saga

Tun da na dawo wayata ba ta huta ba. Wannan ya ce Nazir yaya Yamai, wancan ya ce da gaske ka ga raƙumin dawa, Bashir kuma tambayarsa ɗaya ce kullum, wai 'yan matan can da Faransanci suke tsiwa? To bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in tura masa. A shago nake bugawa da babban yatsa, in kun ga na yi tsalle, wani ne ya kawo gyaran waya.

Abin da kuka sani shi ne na sayi jakar goyo irin ta Turawan nan masu yawon duniya, na ce zan je in ga kogi. Gaskiya ne, na daɗe ina kallon hotunan faɗuwar rana a kogin Yamai ina haɗiyar yawu. Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba.

Babanmu Bagobiri ne, kun dai san fuskarsa, tsage har kunne. Ni kuwa a Kano aka haife ni, abin da na sani na Gobir bai wuce wannan tsagen ba. Yana saurayi ya zauna a Yamai, yana ɗinki a kasuwar Katako. Muna yara, in aka ɗauke wuta muka fito tsakar gida, labarin garin yake ba mu. Ruwa mai faɗi da rana take narkewa a ciki kamar man shanu, kwale-kwale suna yawo ba hayaniya, gonakin shinkafa kore shar. Kuma a kowane labari akwai wani mutum Saini, wanda Baba bai taɓa kiran sunansa ba tare da zagi ba. Saini ɓarawo. Saini macin ganye. Mu dai mun tashi da sanin Baba yana da maƙiyi a Nijar.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Magana ta ƙaurace masa sai kalma ɗaɗɗaya. Daga baya ya fara ƙin abinci. Umma ta dama kunu ya kau da kai, ta yi farfesu ya rufe ido. Likita ya ce magani ba ya aiki a cikin da ba komai. Muna kallo yana ramewa, zoben azurfarsa har ya fara zamewa daga yatsa. Kalmar da take fita bakinsa tsaf ita ce Saini.

Umma ta kira ni ɗaki ta ce, "Gaba ce tsakaninsu, ita ta tokare masa maƙogwaro. Tunda za ka garin, ka nemo mutumin nan su yafi juna. Kada ya tafi da ita."

Ranar da zan tashi na durƙusa gaban gadonsa na ce, "Baba, Yamai za ni. Me zan ce wa Saini?"

Ya daɗe yana kokawa da harshensa. Sannan ya ce, "Ka ce... ɓarawo. Bawana ne. Ubangidansa... na kira." Idonsa ya yi wani haske da na kwana biyu ban gani ba.

Umma ta share hawaye da bakin mayafi. A soro ta miƙo min hula da kwalbar turare, ta ce, "Ka ji ko? Har yanzu bai huce ba. Kai dai in ka je ka gyara maganar."

Daga Kano zuwa Katsina zuwa Jibiya ba labari, barci na yi, jakar tana kan cinyata kamar jariri. A kan iyaka ne aka fara wasan. Jandarman da ya duba takarduna ya kalle ni, ya kalli jakar da igiyoyinta da aljihunanta, ya ce in buɗe. Ya dinga fito da kaya ɗaya bayan ɗaya: caja, batirin ajiya, tabarau, sandar ɗaukar hoto. Ita ya fi daɗewa a kai, ya ja ta ta miƙe, ya mayar, ya sake ja.

"Kai mi ka zo yi?"

"Yawon buɗe ido, yallaɓai."

"Daga Kano?" Sai ya kira abokin aikinsa, ya ce zo ka ga anasaran Kano, wato Baturen Kano. Suka yi dariyarsu, ya mayar min da kayana da kansa, har ya nuna min inda zan sayi layin waya. Sunan nan ya bi ni har Yamai, domin direbanmu ya ji, ya yaɗa shi a tashar Maraɗi, fasinjoji suka ɗauka.

A tashar Maraɗi na kwana kan tabarma tare da sauran fasinjoji, ana sallame asuba babbar bas ta tashi. A nan aka raba ni da jakata aka cusa ta ƙasan mota. Da muka zo Galmi aka loda buhunan albasa a kanta. Wallahi har yau in na buɗe ta sai idona ya kawo ruwa. Duk hotunan da kuka gani ina tsaye ina ƙyalli, warin albasa nake.

A Ƙonni wani mutum ya shigo ya zauna kusa da ni, siriri, da farar riga da biro a aljihu. Sunansa Abdu, mutumin Tawa, malamin makaranta ne a Yamai, shi ya sa kowa yake ce masa Mushe, yadda suke kiran malamin boko da Faransancinsu. Bai tambaye ni komai ba sai da ya fito da cuku, wato busasshen nono mai faɗi kamar takarda, ya ɓalla ya ba ni. Na gatsa na ji kamar zan bar haƙorina a ciki.

"Ba a yi mishi gaggawa," in ji shi. "Ka bari shi jiƙa. Ku mutanen Kano komi da gudu."

Na bari ya jiƙa. Daɗinsa a hankali yake zuwa. Daga baya na gane ƙasar ma haka take.

Hanyar doguwa ce, miƙaƙƙiya, motar tana ta rarrashin mutum. Bayan Doso ina tsakanin barci da farke, sai na ga wasu kawuna sun wuce tsayin itatuwa. Raƙuman dawa, a tsaye gefen kwalta, suna tauna ganye suna kallonmu kamar mu ne abin kallo. Ɗaya ta taka a hankali, ƙafa kamar ba ta taɓa ƙasa. Kafin in lalubo waya mun wuce. Don haka Bashir, ba hoto. Ka yarda ko ka bari. Ni kaina sai da na tambayi Mushe ko mafarki na yi, ya ce in mafarki ne to mu biyu muka yi shi.

Da la'asar sakaliya muka shiga Yamai. Abu na farko da na lura shi ne shiru. Ba wai babu motoci ba, akwai, amma ba wanda yake danna ham kamar an kashe masa uwa. Titi mai faɗi, yashi a gefe, ga raƙumi ɗauke da tabarmi yana tafiya kusa da wata dalleliyar mota, ba wanda ya ga abin mamaki. Mutum ɗaya zai fara magana da Zabarmanci, ya ratsa ta Faransanci, ya sauka da Hausa, duk a numfashi ɗaya. Na shiga tasi na faɗi inda za ni na jingina, ina jin kaina babban mutum. Ashe tasin gari ba naka ba ne kai kaɗai. Muka kai wata mata kasuwa, muka ɗauki wani da kaji, muka kai shi, muka tsaya direba ya gaisa da surukinsa. Kafin a sauke ni na ga rabin gari ba da niyya ba.

Masaukin da na gani a waya kuwa, hotonsa da wurin wanka shuɗi da kujeru. Da na je, ramin yana nan, ruwa ne babu, an ɗaure rago a ciki yana cin harawa. Mai gadi ya ce baƙi Turawa sun ja baya, ruwan me za a zuba. Na tsaya ina kallon ragon yana kallona. Sai na kira lambar da Mushe ya ba ni a mota.

"Na san za ka kira," ya ce. "Taho Maure, ɗakina ya ishe mu."

Maure unguwa ce a tsakiyar gari kusa da kasuwanni. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, kowa a tsakar gida yake rayuwarsa. Aka kawo dambu da kopto, wato zogale da aka kwaɗa da ƙuli, aka zuba mai da yaji. Mu a Kano kwaɗo abin marmari ne, can kuwa abinci ne na sosai, babban mutum da mota zai tsaya ya saya. Sai na tuna zagin Baba, macin ganye. Na ci har na side hannu. Da safe kuma burodi dogo kamar sandar makiyayi, a tsaga a zuba ƙwai. Na ce wa Mushe gurasarmu ta fi, ya ce wanda bai taɓa barin gida ba tuwon uwarsa ne sarki.

Washegari na yi yawon da na zo yi. Na je gidan tarihi na ga ƙasusuwan wata dabba da tsawonta ya kai tirela, na ga maƙera da dukawa suna aiki a rumfuna. Masu sayar da zobba da takalma suna hango jakata suka taso da Faransanci. Na ce musu jama'a ni fa ɗan Kano ne. Wani Buzu ya ce to ai ku kun fi Turawa kuɗi, ya ƙara min farashi.

Da yamma na taka zuwa gada. Nan ne ban san yadda zan gaya muku ba. Ruwan ya fi yadda na zata faɗi, kuma ba ya sauri. Rana ta sauko ta zauna a kansa, komai ya koma ja, mutanen da ke kwale-kwale suka zama inuwa. Masu wanki suna naɗe kayansu a bakin gaɓa. Ban ji kamar baƙo ba. Ji na yi kamar na taɓa zuwa ina yaro, a tsakar gidanmu, ranar da ba wuta. Har da man shanun da Baba yake faɗa, ga shi nan yana narkewa. Na kira Umma, ta ce yau ma cokali biyu ya sha ya ture.

Don haka da gari ya waye na nufi Katako. Kasuwar katako ce da ƙarfe da duk abin da ka sani, ana buga tukwane daga tsofaffin gwangwanaye, ƙara kamar kunne zai tsage. Na dinga tambayar tsofaffin teloli har aka kai ni wurin wani dattijo da tabarau ɗaure da zare. Da na ce ni ɗan Mainasara tela ne, ya tsayar da keken.

"Mainasara mai tsage? Yana da rai?" Na ce yana nan, Saini nake nema. Ya yi dariya har da tari. "Waɗannan biyun. In suka haɗu kasuwa tsayawa take a yi kallo. Saini da amalanke yake kawo katako, bai taɓa wuce rumfar ubanka bai tsaya sun kwashi 'yan kallo ba. Yana Saga yanzu, ya koma gonar shinkafa."

Na ce a raina, lallai gabar ta yi nisa, har kasuwa ta shaida.

Saga tana bakin kogi, ka bar gari kaɗan. Kana sauka daga mota sai kore ya buge ka. Gonakin shinkafa ne a shimfiɗe, ruwa yana bin magudanai, balbelu farare suna takawa kamar masu gonar. Iska tana ƙanshin laka. Wata mata ta nuna min wani tsoho a bakin gona, gajere, baƙi, wando a naɗe zuwa gwiwa, yana gyara bakin magudana da fartanya.

Na yi sallama, na sauke jaka, na tsuguna. Na ce ni ɗan Mainasara ne daga Kano.

Fartanyar ta faɗi cikin ruwa. Ya matso ya kama haɓata yana juya fuskata hagu da dama. Hausarsa da nauyi, amma kowace kalma ta fito.

"Ɗan bawana. Ina tsagenka? Ni na yi wa ubanka nasa don kada ya ɓace min a kasuwa, shi ne ya bar ka haka ba shaida? Ya ƙoshi kuwa? Bagobirin da ya zo garin nan da ƙafa, ya cinye min tukunyar shinkafa har ƙanzo, ya gudu Kano. Bai mutu ba? Ai ba zai mutu ba sai ya ga ƙasan tukunya."

Raina ya ɓaci. Mutum yana kwance ba ya ko haɗiyar kunu, ana cewa bai mutu ba. Amma na tuna Umma, na haɗiye. Na fito da hula da turare na ɗora a hannu biyu, na sunkuyar da kai.

"Baba, mahaifina ba shi da lafiya. Ya ce in gaishe ka da girmamawa. Ya ce duk abin da ya shiga tsakaninku, don Allah ka yafe masa."

Kun san yadda ake kashe fitila? Haka fuskarsa ta yi.

"Shi ya ce haka?"

"Shi ya ce."

"Da bakinsa? Ya ce in yafe masa?"

"E, Baba."

Sannan ya goge hannunsa a riga, ya gyara tsayuwa kamar mai magana da ma'aikacin gwamnati. "To. Allah ya ba Malam Mainasara lafiya. Ka ce na yafe." Bai taɓa hular ba. Na ce ko zan kira gida su gaisa, ga waya. Ya ce, "Me zan ce wa baƙo?" Ya tsamo fartanyarsa ya shiga cikin gona, ya ba ni baya.

Na tsaya da hula a hannu. An ce a yafe, an yafe, to me ya sa nake jin kamar na fasa wani abu?

Da yamma Mushe ya kai ni bakin kogi inda abokansa suke dafa shayi. Can nesa wata dorina ta fito da hanci ta huro ruwa ta koma. Ni ban ma ɗaga waya ba. Na kwashe labari na gaya masa tun daga gadon Baba. Yana zuba shayi daga sama yana saurare. Da na zo kan tsage sai ya ajiye butar.

"Tsaya. Ubanka Bagobiri ne?"

"E."

"Wanga tsoho kuma Bazabarme. Kai, anasaran Kano. Mi ubanka ya ce ka faɗi, ainihin abin da ya ce?"

Na faɗa masa. Abokansa suka kwashe da dariya, shi bai yi ba.

"Ku can ba ku da wasa tsakanin Kanawa da Zazzagawa?"

"Muna da shi. Amma wannan ai a bakin shago ne, a yi dariya a wuce."

"To nan ba a wucewa. Bagobiri da Bazabarme taubasai ne tun kakanni. Zagin shi ne gaisuwarsu, shi ne zumuncin. Laifi ba ya kama tsakaninsu, balle a nemi gafara. In ɗaya ya rasu, ɗayan har bakin kabari shina iya zuwa ya tsokane shi, ba mai hana shi. Ubanka ya aiko ka da zumunci, kai ka kai takardar sallama. Tsohon nan ji ya yi abokinsa ya ce mishi daga yau ni da kai bare ne."

Na ji kunyar duniya. Hasken da na gani a idon Baba ashe ba fushi ba ne. Shekara da shekaru muna jin kewa muna ɗauka gaba ce.

"Yanzu yaya zan yi?"

"Ka koma ka zage shi."

"Mushe, sa'an ubana ne fa."

"Shi ya sa. Kai ma Bagobiri ne ko ba tsage. Ka tahi ka karɓi gadonka."

Ku da kuka san gidanmu kun san ko ido ba ma haɗawa da babba. Duk hanyar Saga da safe ina maimaita zagi a baki kamar mai hadda, direba har ya waiwayo. Na tarar da shi a wuri ɗaya, amma ba aiki yake ba, yana zaune a kan tudun gona. Ya gan ni ya ce, "Sannu da zuwa, malam," ya kau da kai.

Ban tsuguna ba. Na tsaya ƙyam. Na ce, "Jiya ƙarya na yi. Ba haka ya ce ba."

Bai juyo ba.

"Cewa ya yi in gaya wa ɓarawon nan, bawansa, ubangidansa na kira." Muryata ta fito siririya kamar ta ɗan akuya. Na ƙara da nawa don kada in tsaya: "Kuma na ga abin da kuke ci a garin nan. Mu awaki muke ba wa."

Wata balbela ta tashi. Na ce shi ke nan, na ƙarasa ɓata ta.

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya juyo, hawaye a fuska, baki har kunne. Ya ɗebo laka ya jefe ni da ita a tsakiyar farar rigata. "Ɗan banza, jinin macin ƙanzo. Ka hana ni barci. Kawo hular nan, ai harajina ce. Ina wayar? Kira min shi."

Na kira Umma ta bidiyo, na ce ta kai wa Baba. Ta ce, "Sun shirya?" Na ce ta dai kai masa. Fuskar Baba ta fito, ta faɗa, baki a karkace. Saini ya karɓi wayar da hannu mai laka ya kawo ta dab da hancinsa. Na ga ya ga ramar. Amma da ya buɗe baki cewa ya yi:

"Kai, wa ya ba ka izinin kwanciya? Bawa yana kwance ubangidansa yana gona? An ce ba ka cin abinci. Ƙarya ne, Bagobiri bai taɓa ƙin abinci ba, sai dai in an ɓoye tukunya. Dubi tsagen da na yi maka duk ya yamutse, ka lalata min aiki."

Na ji Umma tana salati daga gefe. Baba ya ƙura wa wayar ido. Leɓensa ya fara rawa. Sannan ya ce, tsaf, ba gargada:

"Ɓarawo."

Wani sauti ya biyo baya wanda na ɗauka shaƙewa ce, har Umma ta taso. Dariya ce. Rabin fuska ne yake yin ta, amma dariya ce. Suka yi ta yi, Saini yana jero goma, Baba yana rama ɗaya, kuma ɗayar tana isa. Macin ganye. Gajere. Na koma gefe na zauna a kan jakata ina kallon shinkafa tana kaɗawa, ina jin tsofaffi biyu suna zagin juna daga ƙasa zuwa ƙasa, har batirin ya mutu.

Ban bar Saga ranar ba sai yamma. Matar Saini ta dafa shinkafa da kifi, shi kuma ya gaya wa duk wanda ya wuce cewa ya samu sabon bawa daga Kano, a zo a gani kafin ya cinye gari. Da zan tafi ya zazzage kayan jakata ya cusa ƙunshin shinkafar gonarsa a ciki, ya ce in kai wa ubana, in ce sadaka ce ga mayunwaci. Haka na goyo ta har gida, ta Doso, ta Ƙonni, ta Maraɗi. Jandarman kan iyaka ya gane ni, ya leƙa jakar ya ce anasara ya koma ɗan kasuwa.

Ba zan ce muku Baba ya warke ba. Hannun yana nan yadda yake, maganar ma ɗaɗɗaya ce. Amma ranar da na iso Umma ta dafa shinkafar, ta yi laushi, ta kai masa. Na zauna gefen gado na isar da saƙon yadda aka ba ni, ban gyara ko kalma ɗaya ba. Umma ta harare ni. Baba ya kalli kwanon ya daɗe, ya shinshina, ya ce, "Ta sata ce." Sannan ya buɗe baki.

Ya cinye. Da Umma ta zo ɗauke kwanon ya riƙe gefensa da hannun mai lafiya, ya ce, "Ƙanzo."